Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar NADDC: ku zo ku auna motar zamani a hanyar ƙauye

Zuwa ga Shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, da injiniyoyin da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe barka da aiki, ya jama'a, Allah ya taya riƙo.

Ni bakanike ne, garejina na bakin titi a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel, kuma mafi yawan motocin da ke shigowa hannuna motocin haya ne masu cin kasuwa, Maigatari ran Alhamis, Gujungu ran Lahadi, wasu har Wudil suke kaiwa ran Juma'a. Ban yi jami'a ba amma ina bin labarin motoci a waya daidai gwargwado, kuma abin da ya sa na rubuto muku shi ne duk sanda aka tashi maganar sabuwar fasahar mota a ƙasar nan abin da ake nuna mana mota ce mai sheƙi a Abuja ko Legas, manya sun kewaye ta ana ɗaukar hoto. Madalla, ba hassada muke ba. Amma har yau ban ga an tsaya an tambaya wace irin mota ce za ta ɗauko buhunan riɗi daga gona, ta ratsa yashi da burji, ta hau kwalta ta kai kasuwa, kuma in ta lalace a gyara ta a ƙarƙashin bishiya a ranar ba. Ku aka ɗora wa alhakin zane da tsara mota, to wannan tambayar taku ce.

Motar da ke riƙe da karkarar Kano da Jigawa yau Golf 3 ce, wadda Volkswagen ta fara yi tun 1991, sai Sharon, sai J5 ɗin Peugeot da ta ƙi mutuwa, sai Hiace, sai Kanta mai jigilar shanu da hatsi. Yawancinsu motoci ne da Turawa suka gama cin moriyarsu suka sallama, aka shigo mana da su ta Kwatano ko ta Legas, ko ɗaya ba don mu aka zana ta ba. Shi ya sa kafin Golf ta fara neman kuɗi sai ta biyo ta hannunmu tukuna, mu canja mata sifirin ɗin baya mu sa mai ƙarfi don gindinta ya ɗaga, mu canja shok, mai walda ya ƙara ƙarfe a but yadda murfin zai zauna a buɗe kaya su leƙo waje, mu ɗage salansa don kar ta dinga dukan ƙasa. Wannan ma fa zane ne, sai dai namu na ido ne da gwaji, babu lissafi a ciki, kuma wallahi yana cin rai. Birkin da aka auna don mutum biyar da jakunkunansu yanzu shi ake so ya tsayar da mutum tara da buhunan gero da akuya a sama, nauyi duk ya koma baya har sitiyari ya yi sakayau a hannun direba saboda tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai ba. In ta kife a ce ganganci ne na direba. E akwai ganganci, amma ina motar da aka yi don wannan lodin da talaka zai iya saya ya ƙi saya?

Kar ku ɗauka ina cikin masu cewa tsohuwar mota ta fi ta yanzu, wannan maganar 'yan tasha ce kuma kullum muna musu da su a kai. Injekta ta fi kafireta, ba ta shan mai kamar ta, tana tashi da asuba lokacin sanyi ba sai an tura ba. Direbobi suna yawan cewa motar yanzu gwangwani ce, da an taɓa ta ta lotse, alhali lotsewar nan da gangan aka yi ta, gaban motar ne yake murƙushewa ya shanye ƙarfin karon don kar ya isa ƙirjin mutum, injiniyoyin Mercedes ne suka fara wannan dabara tun shekarun 1950. Tsohuwar mota mai ƙarfen tsiya takan fita daga haɗari da ɗan lanƙwasa kaɗan amma a fito da mutanen ciki a nannaɗe. Bel ɗin kujera mai kama kafaɗa da ƙugu, wanda Volvo ta fito da shi 1959 kuma ta bar kowa ya kwafa kyauta, ya ceci rayukan da ba wanda zai iya ƙirgawa, mu nan sai an hango 'yan kiyaye haɗura ake yafa shi. Birkin ABS ma haka, yana hana taya ƙamewa don direba ya iya kaucewa yana kan birki. Duk na yarda da waɗannan. Damuwata ita ce masu wannan basirar wata ƙasa suke kallo da wani yanayi lokacin da suke zane.

Ku ɗauki ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce, ga kuma burji duk shekara, motar da ke bin bayan wata a hanyar kasuwa ƙasa take shaƙa ba iska ba. Eya kilinan da aka ce a Turai sai an yi tafiya mai nisan gaske ake canjawa, nan cikin 'yan makonni ya toshe, direba ya cire ya kakkaɓe a jikin taya ya mayar, ya huje bai sani ba, ƙura ta wuce ta manne a kan sensar da ke auna iska, sensa ta ba birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, labarin ƙarya, birenbos ya ƙara mai, mota ta fara hayaƙi tana shan mai, daga baya ringi ya cinye. Kuma maganin ba wani abin sihiri ba ne, manyan motoci da tarakta suna da shi tun tuni, wani kofi ne da ke juya iska ya watsar da ƙasa mai nauyi kafin ta kai ga matata, sannan bakin shaƙar iskar a sama yake ba a ƙasa kusa da taya ba. Me zai hana duk motar da aka haɗa a Najeriya ta fito da shi?

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura 40, ga lodi ga yashi, mota na tafiya da giya ɗaya ko biyu iska ba ta bugun lagireto sosai. Abin da makanikai da yawa suke yi shi ne su cire tamosta, abin da ke daidaita zafin injin, su haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, kuma wannan ba gyara ba ne, don motar injekta in injinta bai kai zafin da aka tsara mishi ba birenbos ɗauka yake har yanzu safiya ce sai ya yi ta zuba mai, mai motar yana murna allurar zafi ba ta hau ba alhali aljihunsa ne ke ƙonewa. Abin da ake buƙata lagireto mai girma da fanka mai ƙarfi tun daga masana'anta. Amma wa ya taɓa zaunar da yaran gareji ya yi musu wannan bayanin? Abin da ogansu ya yi shi suka gani.

Sai mai, da sauƙi a ce wai motar ce ba ta da ƙwari alhali man ne. Ƙauyuka da yawa ba gidan mai, a galan ake saya wurin 'yan bumburutu, da ƙasa da ruwa da abin da Allah kaɗai ya sani, kuma ko na gidan mai ɗin ai kowa ya tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima ya lalata wa mutane motoci. Sabbin injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfin gaske, ƙananan nan masu turbo, suna da ƙarfi kuma ba sa shan mai, amma ƙwayar datti ɗaya ta isa ta kashe nozul, nozul ɗin kuma ba a Gumel ba, wani ko a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano sai an yi oda. Ga tayoyin gayu masu siririn gefe da rami ɗaya ke fasawa har da rim, ga sabbin motoci da yawa da ko safaya ba a saka musu sai wani ɗan gwangwanin liƙi da famfo, ga bamba har ƙasa. Wanda ya zana wannan bai taɓa tsayawa tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar da faci da magariba ba.

Akwai labarin da nake so injiniyoyinku su riƙe, na san sun san shi fiye da ni. A Faransa cikin shekarun 1930 shugaban Citroën, Pierre Boulanger, ya ga manoman ƙasarsu har lokacin da doki da amalanke suke kai kaya kasuwa, sai ya ba injiniyoyinsa sharaɗi a fili, yana son mota da za ta ɗauki manoma da kaya mai kilo 50, ta yi gudun kilomita 60 a awa, ta sha lita 3 a kilomita 100, kuma ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a ciki ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Yaƙin duniya ya jinkirta ta, ta fito 1948 da sunan 2CV, 'yan jarida suka yi ta mata dariya saboda muninta, amma sai da aka yi ta ƙera ta har 1990. Injinta iska ke sanyaya shi ba ruwa, kujerunta ana cirewa, manomi na iya kwance rabinta da sifana. Abin lura ba motar ba ce, sharaɗin ne, daga gona aka rubuto shi sannan aka ce wa masu ilimi to ku nemo dabara. Kuma ba tsohon yayi ba ne, a Nuwamban 2023 Toyota ta fito da Hilux Champ a Tailan, a-kori-kura ce da aka rage wa duk wani ado, bayanta shimfiɗe da ramukan noti a shirye don mai ita ya ɗaura abin da sana'arsa ke so, shago ko firji ko keji. Ashe manyan kamfanoni suna iya yi in suka ga ana so kuma hukuma ta tsaya.

Mu ma ai mun taɓa ɗanɗanawa. Peugeot ta fara haɗa mota a Kaduna 1975, kuma 504 ta zauna da ƙasar nan ne saboda tana da tsayi daga ƙasa, shok ɗinta na da dogon numfashi, kayanta ko'ina akwai, a shekarar ma ita ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka. Ga Steyr a Bauchi, ga kamfanin haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat a nan Kano, iyayenmu sun yi aiki a ciki. Yadda aka yi duk suka durƙushe dogon zance ne, ba shi ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni shi ne kuna da abin riƙe kamfanoni a hannu. A manufar motoci ta 2013 gwamnati ta tsauwala haraji a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, ta sassauta wa masu haɗawa a gida, su Innoson a Nnewi, su Dangote da Peugeot a Kaduna, su Stallion a Legas. To sassaucin nan kuɗin jama'a ne aka yafe, don haka jama'a na da ikon cewa ga abin da muke so a madadi. Ku rubuta sharaɗin ƙasar nan kamar yadda Boulanger ya rubuta nasa, tsayi kaza daga ƙasa, matatar iska mai jure ƙura, matatar mai mai raba ruwa, lagireton da aka gwada a zafin Afrilu da cikakken lodi, safaya cikakkiya, birki da sifirin da aka auna da irin kayan da ake ɗorawa da gaske ba wanda ke cikin littafi ba. Wanda ya cika shi ya samu sassaucin, wanda kawai ya shigo da mota a kwali ya ɗaura mata taya da batir ya kira ta 'yar gida ya biya kuɗinsa cif.

Sai dai don Allah kar a fake da araha a ba mu akwatin gawa. Ƙungiyar Global NCAP mai gwada ƙarfin motoci ta fara gwada waɗanda ake sayarwa a Afirka 2017, a 2018 Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu ta tashi ba tauraro ko ɗaya wajen kare manya, daga baya a 2020 suka haɗa sabuwarta karo da tsohuwar Navara ta Turai, bidiyon na nan a intanet, sabuwar ta Afirka ce ta murƙushe har wurin direba. Kamfani ɗaya, jini biyu. A cire allo, a cire kujerar fata, a cire gilas mai lantarki mu murɗa da hannu ba komai, amma ƙarfin bodi da bel da jakar iska da ABS ba ado ba ne. Kuma kar a kira ta motar talaka, Tata ta Indiya ta gwada haka da Nano a 2009, ta tallata ta a matsayin mota mafi araha a duniya, mutane suka ƙi saya don ba mai son a nuna shi a ce ga mai motar marasa hali. Bahaushe ma haka yake, ko ya fi.

Yanzu maganarmu mu masu gyara, wadda ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a can wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake soka kwamfuta mota ta faɗi ciwonta da kanta, Turai ta biyo baya. Wato kusan duk motar da ke shigowa yanzu tana magana, mu ne ba mu da kunnen ji. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya ba ta da tsada, yara masu wayo sun fara saya, amma za ta ba ka lamba ne da Turanci, in ba ka san me lambar ke nufi ba sai ka koma canke, a canja fulogi, a canja fuwal fam, a canja koyil, mai mota ya yi ta biya har a dace. Wutar cek kuwa wasu baƙin salatif suke liƙa mata. Wasu su fasa salansa su cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki, su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki irin su platinum, su ce wa mai mota ai ita ke shaƙe injin. Na san kuna da shirin horas da makanikai, amma horon da ake yi a babban birni cikin Turanci na kwana kaɗan ba ya isowa inda motocin suke mutuwa. A kawo shi Gumel da Haɗeja da Kazaure da Ɗambatta da Gaya, a yi shi da Hausa, a bi ta ƙungiyoyin makanikai da rewaya tunda sun san nasu, a fassara lambobin nan a saka a manhajar waya da ke aiki ko ba data. Sannan duk kamfanin da ke son kasuwarmu ya saki littafin gyara da zanen wayoyinsa ga kowane gareji, ba sai na dilansa kaɗai ba. Jihar Massachusetts a Amurka ta yi dokar haka tun 2012, ba wani sabon abu muke roƙo ba.

Motar lantarki fa, ina sonta fiye da yadda kuke zato, don ba fulogi ba baƙin mai ba kuloci ba lagireton injin, kuma tana da ƙarfin ja tun daga tsaye wanda shi yashi ke so. Na ga lokacin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka kafin ya shugabanci hukumarku, an ƙaddamar da Hyundai Kona da aka haɗa a Legas, an buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo 2021. Na ga kuma abin da Mustapha Gajibo yake yi a Maiduguri na mayar da ƙananan bas zuwa lantarki, wanda a ganina ya fi kusa da mu. Amma batir ba ya son zafi, Nissan Leaf ta farko da ta fito 2010 ba a yi wa batirinta sanyaya na ruwa ba, masu ita a jihar Arizona mai zafi irin namu suka ga yana raguwa da wuri, to irin waɗannan tsofaffin ne za su fara cika mana kasuwa in ba ku sa ido ba, mutum ya sayi mota da batir rabin rai kuma kuɗin sabo ya fi kuɗin motar. Ku sa dokar gwada lafiyar batir kafin a shigo da ita. Kuma a ƙauye wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, rana ce muke da ita har ta yi yawa, don haka a fara da babur da a-daidaita-sahu masu batirin cirewa a musanya, a kafa rumfar sola a tashoshin kasuwa. Mutanenmu ba sa tsoron sabon abu in sun ga riba, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 manoman rani da kansu suka mayar da injinan ban ruwa zuwa tukunyar gas, masu hali suka koma sola, ba wanda ya yi musu taro.

Wannan wayon nasu ne ma yake ban tsoro a maganar CNG, gas ɗin da ake juya mota ta koma sha a madadin fetur. Gas ɗin girki daban, CNG daban, shi ana matsa shi ne har wajen bar 200 a ma'aunin matsi, tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta riƙe ba, an ga abin da ya faru a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoban 2024 da tukunyar bogi ta tarwatse a wurin shan gas. In ba a kawo wuraren juyawa na gaskiya da wuraren sha kusa ba, wallahi wani zai gwada nasa a bayan gareji. Sannan ku tuna tukunyar a but ake ajiye ta, but kuma shi ne abincin direban Golf, in ka cinye mishi wurin buhu uku ka rage mishi kuɗin mai ka kuma rage mishi kuɗin lodi, ba zai yarda ba. Motar da aka zana da gas tun farko a ƙarƙashi ake ɓoye tukunyar, a ɗaga ta yadda dutse ba zai same ta ba, irin wannan aikin ne nake sa ran gani daga ofishinku.

Gani ya kori ji ranka ya daɗe. Ku turo matasan injiniyoyinku, da ɗaliban jami'ar Bayero da ta Wudil da ta Dutse in da hali, su zo Maigatari ran Alhamis da sikeli da tef, su auna abin da ake ɗora wa kowace mota, su leƙa ƙarƙashi su ga inda muka yi walda don nan ne inda ƙarfen asali ya gaza, su tambayi falkanaiza wace taya ce ta fi mutuwa, su tambayi matan da ake kaiwa asibiti haihuwa a bayan a-kori-kura yadda hanyar take. Su zo sau biyu, cikin Afrilu da kuma cikin Agusta lokacin da ruwa ya cinye hanyoyin Haɗeja da Auyo. Duk sabuwar motar da za ku ba shaida, a ba direban haya ita ya yi wata uku yana cin kasuwa da ita kafin a sa hannu, mu kuma za mu rubuta muku duk abin da ya kwance ko ya karye, kyauta.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
wani bakanike daga ƙasar Gumel, jihar Jigawa.